Babi na Biyar: Baƙar Fata a Filayen Ƙwallon Ingila

Wariyar launin fata, wato ɗaukar mutum a matsayin ƙasƙantacce ko bare saboda launin jikinsa ko asalin iyayensa, ba a filin wasa take tsirowa ba, domin dubban mutanen da suke cika filin a ranar Asabar su ne dai suke cika masana'antu da ofisoshi da rumfunan zaɓe a sauran ranaku, kuma babu wanda yake ajiye ra'ayinsa a bakin ƙofa kafin ya nemi wurin zama. Abin da filin wasa yake yi shi ne ya tara waɗannan mutane wuri guda, ya tsuma su, sannan ya ba su damar furta abin da ke cikinsu a tsakiyar taron da ba a iya tantance muryar kowa. Saboda haka ne masu nazarin halayyar al'umma suke mayar da hankali kan wasanni, ganin cewa abin da ake ɓoyewa a ofis ko a unguwa yakan fito fili a can.

Ingila ta dace da irin wannan nazari, domin a can ne aka tsara dokokin ƙwallon ƙafa na zamani a 1863, a can ne kuma aka fi adana tarihin baƙaƙen 'yan wasa, sannan gasarta ta Firimiya ita ce ake cika gidajen kallo dominta daga Kano har Damagaram. Wanda ya bi wannan tarihi zai ga cewa a kowane zamani wariyar da ke cikin ƙwallo takan ɗauki kamannin wadda ke cikin ƙasar, kuma duk da sauyin kamanni akwai abu guda da bai gushe ba, wato karɓar baƙar fata bisa sharaɗi, ta yadda zai zama ɗan gida muddin yana kawo nasara, ya koma baƙo ranar da ya yi kuskure.

Zamanin daula

Tun ƙwallon ƙafa tana jaririya akwai baƙar fata a cikinta. Arthur Wharton, wanda aka haifa a Jamestown ta birnin Accra a 1865, ya tsare wa Preston North End gida, kuma shi ake ɗauka a matsayin baƙar fata na farko da ya mayar da ƙwallo sana'a, amma ya rasu cikin talauci a 1930, kabarinsa kuma ya zauna babu ko alama har zuwa 1997. Walter Tull, wanda ya shiga Tottenham a 1909, ya sha zagi daga 'yan kallo a Bristol a wannan shekara, daga baya ya zama hafsa a rundunar sojan Birtaniya, aka kashe shi a fagen daga a Faransa a 1918.

Labarin Jack Leslie ne ya fi bayyana yadda wariyar wancan zamani take aiki. An haife shi a Landan, mahaifinsa mutumin Jamaika ne, kuma yana cikin gwanayen cin ƙwallo a Plymouth Argyle lokacin da sunansa ya fito a jaridu a 1925 cikin waɗanda aka zaɓa wa tawagar Ingila, sai kuma sunan ya ɓace ba tare da wani bayani ba. Babu dokar da ta hana shi wasa, an dai janye sunan an yi shiru, kamar yadda aka saba a daular da take mulkin miliyoyin baƙar fata a Afirka da Karebiyan ba tare da tunanin cewa ɗayansu zai iya wakiltarta ba. Sai a 2022, shekara 34 bayan rasuwarsa, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta amince cewa an zalunce shi, ta kuma ba shi hular girmamawa irin wadda ake bai wa duk wanda ya buga wa ƙasar wasa.

Zamanin ihu da ayaba

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta shiga ƙarancin ma'aikata, dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 kuma ta bai wa mutanen ƙasashen da take mulka izinin shiga su zauna su yi aiki. A watan Yunin wannan shekara jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Karebiyan a tashar Tilbury, wasu dubbai suka biyo bayansu, suka riƙe tuƙin bas da aikin jirgin ƙasa da jinya a asibitoci da narka ƙarfe a masana'antu. Ƙasar tana buƙatar guminsu amma ba ta son maƙwabtaka da su, ta yadda mai gida yana iya hana su haya, mai kamfani yana iya hana su aiki, ba tare da ya saɓa wa doka ba, har zuwa 1968 da aka haramta hakan. A wannan shekarar ce kuma ɗan majalisa Enoch Powell ya yi jawabinsa na Birmingham inda ya yi hasashen zubar da jini idan aka ci gaba da karɓar baƙi, shekara guda bayan kafa jam'iyyar National Front mai neman a mayar da baƙar fata inda suka fito.

'Ya'yan waɗancan ma'aikata, waɗanda aka haifa ko aka raina a Ingila, su ne suka fara cika ƙungiyoyin ƙwallo a shekarun 1970, daidai lokacin da masana'antu suke rufewa, rashin aiki yake ƙaruwa har ya haura mutum miliyan uku a 1982. A 1978 West Bromwich Albion, wadda filinta yake dab da Birmingham, ta riƙa sanya baƙaƙen 'yan wasa uku a lokaci guda, Laurie Cunningham da Cyrille Regis da Brendon Batson, abin da ba a saba gani ba a babbar gasa, kuma a watan Nuwamban shekarar Viv Anderson ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa babbar tawagar Ingila wasa. Martanin wani ɓangare na 'yan kallo shi ne kwaikwayon kukan biri duk lokacin da baƙar fata ya taɓa ƙwallo, tare da jifa da ayaba, wanda ma'anarsa ita ce cire ɗan wasan daga jinsin ɗan Adam, tunanin da aka gada daga zamanin cinikin bayi. 'Yan National Front kuwa sun mayar da ƙofofin filaye irin na Chelsea da West Ham da Leeds wurin sayar da jaridunsu da farautar matasa marasa aikin yi.

Abin da ya nuna cewa lamarin ya wuce adawar ƙungiya da ƙungiya shi ne yadda wasu magoya baya suka riƙa zagin nasu 'yan wasan. Paul Canoville, baƙar fata na farko a babbar tawagar Chelsea, ya sha zagi daga magoya bayan Chelsea ɗin a ranar da ya fara wasa a 1982. Regis kuwa, da aka gayyace shi tawagar ƙasa, an aiko masa da harsashi a cikin wasiƙa tare da barazana. A watan Yunin 1984 John Barnes ya yanke 'yan bayan Brazil ɗaya bayan ɗaya a filin Maracanã ya ci ɗaya daga cikin ƙwallayen da aka fi tunawa a tarihin Ingila, wasan ya tashi biyu da nema, amma wasu 'yan National Front da suka bi tawagar suka dage cewa ɗaya da nema aka tashi, domin a wurinsu ƙwallon baƙar fata ba ta shiga lissafi. Hoton da aka ɗauki Barnes a filin Everton a watan Fabrairun 1988, sanye da jar rigar Liverpool, idonsa a kan wasa, yana ture ayabar da aka jefo masa da diddige, ya zama shaidar yadda aka bar ɗan wasa shi kaɗai da matsalar, alhali alƙalan wasa da shugabannin ƙungiyoyi da gidajen talabijin sun yi kunnen uwar shegu. A titunan unguwannin Brixton da Toxteth kuwa, matasan da suka gaji da tsarewa da cajen 'yan sanda sun riga sun yi bore tun 1981.

Doka da abin da ta iya

Sauyi ya zo ta hanyoyi da dama a lokaci guda. Dokar laifuffukan filin ƙwallo ta 1991 ta haramta waƙoƙin wariya, ko da yake da farko sai mutum biyu ko fiye sun haɗa baki kafin ya zama laifi, sai a 1999 aka gyara ta yadda za ta kama mutum guda. Bayan turmutsitsin filin Hillsborough na 1989, wanda ba shi da alaƙa da wariya, an wajabta wa manyan ƙungiyoyi sanya kujeru a ko'ina cikin filayensu, kyamarori suka yawaita, ya zama ana iya gano mai zagi ta lambar kujerarsa. Gasar Firimiya da aka kafa a 1992 ta dogara ne da kuɗin talabijin, kuma hajar da ake son sayar wa Afirka da Asiya ba za ta yi kasuwa ba idan kukan biri yana tashi a bayanta. A 1993 aka fara yaƙin wayar da kai da ya zama ƙungiyar Kick It Out, a shekarar ce kuma Paul Ince ya zama baƙar fata na farko da ya ɗaura kambun kyaftin ɗin Ingila.

A watan Afrilun wannan shekara ta 1993 wasu fararen matasa suka kashe Stephen Lawrence, ɗalibi mai shekara 18, yana jiran bas a kudancin Landan, 'yan sanda kuma suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi. Rahoton alƙali William Macpherson na 1999 ya kammala da cewa rundunar 'yan sandan Landan tana fama da wariyar da ta samu gindin zama a hukuma, wato yanayin da tsarin aiki da al'adun ma'aikata suke tauye wasu mutane saboda launinsu, ko da kuwa babu ma'aikaci guda da zai yarda cewa yana ƙin kowa. Wannan bayani ya dace da halin da ƙwallo ta shiga bayan ihun 'yan kallo ya lafa, domin doka tana iya rufe bakin mai zagi, amma ba ta kaiwa ga abin da ake yankewa a ɗakin taro. A 2004 Ron Atkinson, kocin da ya jagoranci su Regis a West Bromwich, ya rasa aikinsa na sharhi a talabijin bayan an ji shi yana siffanta ɗan wasa Marcel Desailly da kalmar cin mutuncin baƙar fata tare da kiransa malalaci, yana zaton an kashe makirufo, abin da ya nuna cewa mutum yana iya amfana da ƙwazon baƙar fata, har ya yi alfahari da su, alhali tsohon tunanin yana nan a zuciyarsa.

Fili a buɗe, ofis a rufe

Masanin tattalin arziki Stefan Szymanski ya binciki albashi da sakamakon ƙungiyoyin Ingila daga 1978 zuwa 1993, ya gano cewa ƙungiyoyin da suka fi sanya baƙaƙen 'yan wasa sun fi samun maki idan aka kwatanta da kuɗin da suka kashe, wanda ke nufin ana biyan baƙar fata ƙasa da darajarsa, kuma duk ƙungiyar da ta guje shi tana biyan farashin son zuciyarta da faɗuwa a teburi. A cikin fili ana ganin aikin kowa, ana ƙirga ƙwallaye, saboda haka wariya tana da tsada kuma ba ta daɗewa. Aikin koci da na shugabanci kuwa ana ba da shi ne bisa sanayya da amincewa da zaton wane ne ya yi kama da shugaba, abubuwan da babu mai iya aunawa. Rahoton da Szymanski ya shirya wa ƙungiyar baƙaƙen 'yan ƙwallo a 2022 ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 na 'yan wasan Firimiya baƙar fata ne, amma kashi 4.4 kacal suke riƙe da shi na muƙaman koci da horarwa da tsofaffin 'yan wasa suke samu.

Tushen wannan giɓi yana bayyana a bakin masu sharhi. Wani bincike da kamfanin RunRepeat ya yi tare da ƙungiyar 'yan wasan Ingila a 2020, kan sharhin wasannin manyan gasannin Turai, ya gano cewa fiye da kashi 60 na yabon basira yana tafiya ne ga masu hasken fata, yayin da aka fi yabon masu duhun fata da ƙarfi da gudu. Ɗan wasan da aka shekara 15 ana yaba wa cinyoyinsa ba a ambaci kwanyarsa ba, da wuya a tuna da shi ranar da ake neman mai tsara dabaru. Haka abin yake a wajen ƙwallo, domin masu bincike na kwalejin Nuffield da ke Oxford sun aika takardun neman aiki iri ɗaya da sunaye daban-daban, suka bayyana a 2019 cewa mai asalin Najeriya sai ya aika takardu fiye da na farar fata ɗan Birtaniya da kashi 80 cikin 100 kafin ya samu amsa daidai da tasa.

Jaridu ma suna da nasu kason. A watan Disamban 2018, washegarin ranar da aka zage shi a filin Chelsea, Raheem Sterling ya wallafa kanun labarai biyu a Instagram game da abokan wasansa biyu matasa a Manchester City, waɗanda kowannensu ya sayi gida na kimanin fam miliyan biyu. An gabatar da Phil Foden, farar fata, a matsayin ɗa mai albarka da ya saya wa mahaifiyarsa gida, shi kuwa Tosin Adarabioyo, mai asalin Najeriya, aka nuna shi a matsayin yaro mai facaka da bai taɓa fara wasan Firimiya ba. Hujjar Sterling ita ce mai zagi a fili yana maimaita darasin da aka daɗe ana koya masa ne a shafukan jarida.

Daren 11 ga Yulin 2021

A wannan dare Ingila ta kara da Italiya a Wembley a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Turai, karo na farko da tawagar maza ta kai wasan ƙarshe na babbar gasa tun 1966. An tashi kunnen doki, aka je bugun fenareti, inda Marcus Rashford ya daki turke, mai tsaron gidan Italiya Donnarumma kuma ya tare bugun Jadon Sancho da na Bukayo Saka, wanda yake da shekara 19 a lokacin, haifaffen Landan ne, iyayensa 'yan Najeriya. Kafin gari ya waye shafukansu sun cika da hotunan biri da ayaba da kiran su koma ƙasarsu, an kuma ɓata zanen Rashford da ke jikin wani bango a unguwar Withington ta Manchester, shi da a 2020 ya tilasta wa gwamnati ci gaba da ciyar da 'ya'yan talakawa a lokacin hutun makaranta.

Zagin wanda ya ɓarar da wasa ba sabon abu ba ne a Ingila, domin Gareth Southgate, kocin tawagar a wannan dare, ya ɓarar da fenareti a 1996, David Beckham kuma ya sha tsana mai tsanani bayan jan katin da ya samu a 1998. Bambancin shi ne su an ɗora musu laifin a matsayin mutum guda da ya yi kuskure, babu wanda ya ce su bar ƙasar, babu kuma wanda ya haɗa da launin fatarsu, alhali su Saka abin da aka fara tuhuma shi ne zamansu 'yan Ingila. Shekara uku kafin nan, a 2018, aka bankaɗo yadda ma'aikatar cikin gida ta riƙa ɗaukar tsofaffin zuriyar Windrush, waɗanda suka shekara 50 suna aiki suna biyan haraji, a matsayin baƙin haure, ta raba wasu da ayyukansu, ta tsare wasu, ta kori wasu, lamarin da ya ci kujerar ministar cikin gida Amber Rudd. A farkon gasar ma, da wasu 'yan kallo suka riƙa yi wa 'yan wasan ihu saboda durƙusawa a kan gwiwa ɗaya, alamar adawa da wariya da ta yaɗu bayan kisan George Floyd a Amurka, ministar cikin gida ta lokacin, Priti Patel, ta ce wannan siyasar nuna kai ce, kuma yin ihun zaɓin 'yan kallo ne, shi ya sa da ta fito tana tir da zagin su Saka, ɗan wasan baya Tyrone Mings ya mayar mata da cewa ita ta hura wutar tun farko. Kamfanin Twitter ya bayyana daga baya cewa daga Birtaniya aka fi aiko saƙonnin da ya goge, kuma kusan dukkan shafukan da ya rufe na mutanen da ake iya gane su ne, duk da cewa 'yan sanda sun gano cewa da yawan saƙonnin da suka kai matsayin laifi daga ƙetare suka fito.

Iyakar abin da wasa zai iya

Adalci ya buƙaci a faɗi cewa masu zagin tsiraru ne, kuma ɗaruruwan mutane sun taru a Withington sun lulluɓe wurin da aka ɓata da takardun ƙauna da goyon baya, abin da babu wanda ya yi wa Regis ko Canoville. Akwai ma shaidar cewa ƙwallo tana iya jan al'umma gaba, domin masu bincike na jami'ar Stanford sun gano cewa bayan zuwan Mohamed Salah Liverpool a 2017, laifuffukan ƙiyayya a yankin Merseyside, inda Liverpool take, sun ragu da kimanin kashi 16 cikin 100, saƙonnin ƙin Musulmi daga magoya bayan ƙungiyar kuma sun ragu da kusan rabi. Sai dai wannan sakamako ya zo ne ta hannun mutumin da ya ci ƙwallo 32 a gasar Firimiya a kakarsa ta farko a Liverpool, kuma mutuncin da sai an yi irin wannan bajinta ake samunsa bai kai ga direban bas ko ma'aikaciyar jinya ba, waɗanda ba su da ƙwallon da za su ci su fanshi kansu.

Saboda haka tarar kuɗi da dakatarwa da hana mai zagi shiga fili, duk da amfaninsu, suna magance abin da ya fito fili ne kawai. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne a duba wa ake ɗauka koci, wa ake sake bai wa dama bayan an kore shi, wa yake zaune a majalisar gudanarwar ƙungiya, da kuma yadda ake magana da baƙar fata ranar da ya gaza. Amsoshin waɗannan tambayoyi ana yanke su ne a wuraren da ake yanke wanda za a kira ganawar neman aiki da wanda ɗan sanda zai tsayar a titi, kuma muddin ba su sauya a can ba, hukumar ƙwallo ba ta da ikon sauya su ita kaɗai.